Gashin Karen Mai Walda

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da gidan Mai Walda, gajeruwa, wadda in na taka bulo ɗaya ina ganin tsakar gidansu har bakin famfo. Shekara da shekaru ta kanta muke miƙa wa juna gishiri da ashana ni da matarsa, wadda nake ce wa Yaya, ko da yake ba abin da muka haɗa sai bangon. Saboda haka wannan labari ba a bakin wani na tsince shi ba.

Mai Walda mutum ne kakkaura, mai ƙarancin magana. Ƙofofi da tagogin rabin layinmu shi ya ƙera su. Shagonsa yana can bakin titi, kuma a shagon yake da kare, baƙi mai ja-ja a ƙirji, ana ce masa Tartsatsi, don tun yana kwikwiyo yake tsalle yana son cafke wutar walda da baki. A shago karen yake kwana yana gadin inji da ƙarafa. Yaya ba ta zuwa shagon. Abin da ta sani game da karen shi ne gashinsa da take kakkaɓewa daga wandon mijinta kafin wanki, tana kakkaɓa tana mita.

Wata safiya Mai Walda ya sunkuya zai sa takalmi, bai ɗago ba. Hawan jini ne. Asibiti suka riƙe shi, suka sallamo shi ɓarin dama a shanye, baki a karkace, magana ta tafi. Duka ta tafi, ban da kalma ɗaya. In ya buɗe baki da safe, ko da rana, ko ana ba shi ruwa, abin da ke fitowa shi ne:

"Gashi."

To ai kun san mai lafiyayyen baki ba ya haɗa gashin kai da gashin wuta da "ga shi" na miƙa abu, kowanne da hawansa da saukarsa. Amma shi muryar ta zama shimfiɗaɗɗiya kamar tabarma, ba hawa ba sauka. Sai kowa a gidan ya ji abin da ya ji. Babban ɗansa, wanda muke kira Direba saboda motar rabon burodi yake ja, ya ce nama Baba yake sha'awa, ya je ya sayo gasasshe aka daka masa. Mai Walda ya kau da kai. Matar Direba, da har yanzu Amarya ake ce mata alhali ga ciki ya fito, ta ce a'a, so yake a gasa masa hannun da ya mutu, ta dinga dafa ruwa tana jiƙa tawul. Aka kira mai aski ma ya kwashe 'yar furfurar da ta taru. Ni kuwa na ce ko wani abu yake son miƙawa, muka buɗe tafin hannunsa mai lafiya, muka ɗaga filo, muka zazzage aljihun rigunansa, ba komai.

Ana cikin haka mai shago ya karɓi wurinsa. Inji aka kai ɗakin ajiya, kare kuwa ba wanda ya nema. Direba ya sako shi a bayan motar burodi ya kawo gida, ya ɗaure shi a gindin tankin ruwa. Tagar ɗakin Mai Walda tana kallon wajen, sai dai gadon ya yi ƙasa, kan tankin kawai yake gani. Amma yana jin ƙarar sarƙa. Duk lokacin da sarƙar ta motsa sai ya juya ido wajen taga ya faɗi kalmarsa.

Ba a daɗe ba karen ya fara lalacewa. Gashin bayansa ya soma zuba, da farko kamar wanda ɓera ya ɗan ci, daga baya faci-faci har wuya. Fatar ta bushe tana ɓarewa fari-fari. Faratansa, da a da simintin shago da kwalta ke goge masa su, suka yi zaƙo-zaƙo suna tsagewa, in ya yi sosa sai ka ga jini. Iska kuwa ta kwashi gashin ta kai shi ko'ina, cikin bokitin wanka, kan shanya, har wata rana a cikin kofin shayin Amarya.

Ranar kofin shayin uwar Amarya tana gidan, ta zo duba 'yarta. Mace ce mai tsafta, irin masu wanke sabulu kafin su yi wanka da shi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta jira Direba ya dawo, ta ce masa cikin lalama ita dai jikanta ba zai buɗe ido a gidan da kare mai ƙazuwa yake ba. Ko karen ya warke kafin haihuwa, ko a san inda za a kai shi. Direba ya sunkuyar da kai ya ce to, Mama. Yana da aboki mai gonar kaji a bayan gari, wanda ya taɓa cewa yana son kare.

Da yamma Yaya ta leƙo ta katanga, idonta ya yi ja. Ta ce ta gane. Ta ce wata da watanni mutumin nan yana faɗa mata abu ɗaya ba ta ji ba, gashin karensa yake nufi, ya san yana zuba, ta yiwu iska ta shigar masa da shi har kan gado. Ta ce ita ba ta taɓa shafa kare ba tun da aka haife ta, amma in gashi yake so, gashi zai fito. Na ce mata lallai wannan fassarar ta fi ta nama.

Muka tafi asibitin dabbobi mu uku da karen, Direba yana tuƙi, ni da ita a gaban mota muna matse juna, ƙamshin burodi ta baya yana faɗa da warin kare. Likitar yarinya ce sa'ar jikata, mai fara'a. Ta kankari fatar ta duba a madubinsu, ta ce ba ƙazuwa ba ce, ba kirci ba, ba abin da zai kama mutum. Ta ɗora shi a sikeli ta ɗan ɓata rai, ta tambaya ko yana cin abinci. Yaya ta ce ƙwarai, kullum kwano tas take ɗauka. Likita ta ce to wataƙila tsutsar ciki ce da canjin wuri, ta ɗura masa magani, ta yanke faratan da wani ɗan almakashi mai lanƙwasa, sannan ta ɗauko roba ɗaya daga kanta. Bitamin ne na fata da gashi da farce, ƙwayoyi masu ruwan ƙasa, in ka buɗe murfin ƙarnin man kifi ya daki hancinka. Guda ɗaya kullum a cikin abinci. Amma ta gaya mana gaskiya, gashi ba ya jin sauri, sai an yi wata biyu ko uku kafin a ga wani abu na kirki. Muka dubi juna ni da Yaya, kowa yana lissafin cikin Amarya a ransa.

A jikin robar akwai hoton wani kare mai gashi yana sheƙi kamar an shafa masa man kitso. Muna isa gida Yaya ta wuce ɗaki da mayafinta, ta kai robar gaban idon mijinta.

"Ka gani, Malam? Na ji ka. Irin wannan zai koma, da yardar Allah."

Ya kalli hoton, ya kalle ta, ya runtse ido. Sai ya daki katifa da hannunsa mai lafiya, ya sake duka. Ta fito tana goge ƙwalla ta ce mini farin ciki ne ya yi masa yawa.

Daga nan ta ɗauki aikin kamar jinyar ɗa. Bayan la'asar za ta murƙushe ƙwayar da bayan cokali, ta cakuɗa da ragowar shinkafa da romo da ɗan kan kifi, ta tura kwanon da tsintsiya zuwa gindin tanki, don har lokacin ba ta iya matsawa kusa. Sannan ta koma ɗaki, domin lokacin juya Malam ne da goge masa jiki da canza shimfiɗa, aikin da ba ya ƙarewa sai dab da magariba. In ta fito, kwano tas. Kowace safiya kuma sai ta kira ni in leƙo, wai in duba ko wani abu ya tsiro, ita idonta ya saba da shi ba za ta gane ba. Ni kuwa in leƙa in ga haƙarƙari ya ƙara fitowa, in ce mata kamar dai da ɗan sauƙi.

A kwanakin nan ne kyanwata, wadda nake kira Gimbiya saboda ƙasaitarta, ta fara raina abincina. In na zuba mata sai ta shinshina ta ɗaga wutsiya ta wuce. Amma kyau take ƙarawa, jiki ya cika, gashi luf-luf yana ɗaukar ido, har mai kawo mana ruwa ya tambaye ni da me nake mata wanka. Na ce masa hutu ne da kwanciyar hankali.

Wata yamma igiyar shanyata ta tsinke, na hau bulo zan ɗaura ta a ƙusar katanga. Sai ga Gimbiya a gidan Yaya, kai cikin kwanon kare, tana ci a natse kamar wadda aka aiko wa da katin gayyata. Tantabaru biyu suna gefe suna jiran ta gama. Tartsatsi yana kwance taku ɗaya daga kwanon, ya juyar da kai wajen bango, miyau yana zuba daga bakinsa har ya jiƙa ƙasa.

Na kira Yaya a hankali. Ta fito da tawul a hannu. Muka kori kyanwar, ta sake haɗa wani abincin ta tura masa. Ya dubi kwanon, ya sake kau da kai. Ashe duk tsawon nan abin da yake rayuwa a kai shi ne ɓawon da ya faɗo daga kwandon shara da ƙadangaren da tsautsayi ya biyo da shi ta gindin tanki. Abin da aka ajiye masa da hannu kuwa bai taɓa taɓawa ba.

Muna tsaye sai muryar ta fito ta taga, a shimfiɗe kamar kullum. Karen ya zabura har sarƙa ta shaƙe shi. Ya dubi kwano, ya dubi taga, ya yi wani siririn kuka, ya kai baki kusa da abincin ya janye. Muryar maigidansa ce, kuma ba ita ba ce, ga shi ba ya ganin mai ita.

Yaya ta zauna daɓas a kan siminti, tawul a cinya.

"Ga shi," ta ce. "Ga shi yake cewa. Ba da mu yake ba."

Ta ce ya taɓa ba ta labari, shekarun baya, tana tsakiyar wanke-wanke. Ɓarayi sun jefa wa karen wani mai shago nama da guba, suka kwashe kaya. Shi ya sa Malam ya horar da nasa kada ya ci komai daga hannun kowa, ko an ajiye masa a gaba, sai ya ji "ga shi" daga bakinsa. Ta ce ta amsa masa da to, ta ci gaba da cuɗa tukunya. Wa zai riƙe irin wannan a ka?

Ta matso kusa da karen, kusancin da ba ta taɓa yi ba, ta nuna kwano ta ce ga shi. Ya kaɗa wutsiya sau ɗaya, irin ta ladabi. Na gwada daga kan katanga, bai ko dube ni ba. Da Direba ya dawo muka gaya masa, ya ajiye makullin mota ya tsuguna, ya kumbura murya irin ta ubansa, har da gyaran murya da ubansa ke yi kafin magana. Da wata rana ce da mun yi dariya. Karen ya lashi hannunsa ya koma ya kwanta.

Sai Direba ya shiga ɗaki ya ɗauko uban cak, kamar yadda ake ɗaukar yaro mai barci, ya zaunar da shi a kujerar roba a tsakar gida, Amarya ta tokare shi da filo ta gefen da ya mutu. Tun da aka sallamo shi bai fito ba. Aka kwance sarƙar. Na ɗauka karen zai yi tsalle ya kayar da shi, amma da rarrafe ya zo, ciki a ƙasa, ya ɗora haɓarsa a kan ƙafar da ba ta ji. Mai Walda ya sauke hannun hagu ya shafa bayan, ya bi facin nan ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya taɓa ƙashin haƙarƙari. Yaya ta tura kwanon tsakaninsu.

Muka zuba wa Mai Walda ido. Ya buɗe baki. Leɓen ya yi rawa, jijiyar wuya ta tashi, iska ta fito, kalma ba ta fito ba. Kalmar da yake faɗa wa bango da silin tun safe har dare, yau da ake nemanta ta ɓace. Ya sake gwadawa har zufa ta keto masa. Karen yana kallon bakinsa. Yaya tana motsa nata leɓen tana faɗa masa a ɓoye kamar mai ba ɗalibi satar amsa. Direba ya juya ya fuskanci tanki.

Da aka kira magariba Yaya ta ce a mayar da shi, sanyi yana sauka. Direba ya sa hannu ya ɗaga shi, kuma a daidai wannan girgizar ta ɗagawa kalmar ta faɗo da kanta, kamar tsabar da ta maƙale a aljihu. Kafin mu ankara karen ya kifa kai a kwano. Ya cinye har ƙwayar, ya lashe, ya bi kwanon yana turawa da hanci har bakin famfo.

Daga ranar aka mayar da abincinsa lokacin dawowar Direba. Wata rana kalmar ta zo da wuri, wata rana sai an gaji, wata rana ba ta zuwa sam, a ɗauke kwano a kife. Mun gane in aka zuba masa ido ba ta fitowa, sai muka koyi yin kamar hira muke, ni daga kan bulo ina ba Yaya labarin tsadar gawayi, kunnuwanmu duka suna wajensa. Fatar karen ta daina ɓarewa. Yaya ta rantse ta ga wani laushi-laushi yana tsirowa a gefen facin wuya, irin na kan jariri. Na sa tabarau na duba, ban iya cewa e ko a'a ba.

Sai Amarya ta haihu kafin lokaci. Namiji, ɗan mitsitsi, sai da ya kwana biyu a kwalbar jarirai. Daga asibiti uwarta ta wuce da su gidanta, ta aiko cewa maganarta tana nan.

Yaya ta yi wanka ta sa kayan fita, ta saka robar bitamin a jaka, na raka ta. Surukar ta karɓe mu hannu biyu, ta kawo lemo, ta saurari duk bayanin likita, ta juya robar ta kalli hoton karen. Sannan ta ɗaga labule ta nuna mana yaron, ƙirjinsa yana sama yana ƙasa kamar na ɗan tsako. Ta ce malaman asibiti sun ce ko ƙura kada ta taɓa shi. Ta ce Yaya ta faɗa mata tsakani da Allah, in ita ce, za ta kai shi gidan da gashi ke shiga kofi? Yaya ta daɗe tana kallon jikanta, sannan muka yi sallama.

A hanya na ce a kawo karen gidana. Amma mai gidan da nake haya kyanwar ma da ƙyar ya haƙura, ya ce kare kam sai bayan ransa. Ko da ya yarda ma, katangar nan ba ta tare iska. Direba kuwa ya zama ɗan gida biyu, ya kwana can ya yi sammako nan ya ɗaga ubansa, ya tafi rabo, idonsa duk ya faɗa. Bai taɓa yi wa uwarsa ƙorafi ba. Ita ce ta gaji da ganinsa haka. Ta shiga ta zauna a bakin gado ta ce, Malam, yaron nan ya rame, kuma ba ka ga jikanka ba. Ya kalli silin ya daɗe. Sannan ya ɗaga hannun hagu ya yi nuni da ƙofa.

Kafin a kai karen gonar kajin abokinsa, Direba ya ɗauki muryar uban a waya. Ranar farko a gonar kajin ta yi aiki. Rana ta biyu karen ya tona ƙasa a ƙarƙashin wayar yana neman mai maganar. Daga nan ya gane abu ɗaya ne ake maimaitawa, ya daina ɗaga kunne. Mai gadin gonar, wani dattijo mai haƙuri, shi ya ce a gwada kira kai tsaye, ko in ya ji numfashin mutumin da tarinsa zai yarda. Aka gwada, ya yarda.

Yanzu haka ake yi. Bayan la'asar mai gadi zai murƙushe ƙwayar a abinci ya kira. Amarya ta dawo, ana shanya kayan jariri a inda sarƙar take a da. Jiya na shiga kai musu ruwan zafi na tarar an kira. Yaya tana zaune a bakin gado ta kara wayar a bakin mijinta, ta kau da fuskarta wajen bango don kada ya ji ana kallonsa, tana yi mini hirar farashin sabulu da murya ƙasa-ƙasa. Ta cikin wayar ana jin hayaniyar kaji da hakin karen kusa-kusa. Leɓen Mai Walda yana ta rawa. Hannun Yaya ya gaji, ta canza zuwa ɗayan.

Can sai muryar mai gadi ta fito, cikin jin nauyi.

"Mama, ku yi haƙuri, kajin nan ba su sha ruwa ba. In ajiye ne, ko in ƙara jira?"

"Ɗan ƙara, bawan Allah," Yaya ta ce. "Ɗan ƙara kaɗan."